Jari ga iyaye mata ko karatun ƴaƴansu: ina ya kamata mu sa kuɗin ƙungiyarmu?

Baban Hadiza, unguwar Zariya, Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, ina kuma neman shawararku a kan wani al'amari da ya raba kan ƙungiyarmu gida biyu. Ni ne ma'ajin ƙungiyar ƴan asalin ƙauyenmu mazauna cikin garin Maradi. Ƙauyen yana gundumar Madarunfa, ba nisa da hanyar Ɗan Isa, mu kuwa yawancinmu ƴan tireda ne da teloli da direbobi, kowa yana zuba abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata.

Duk wanda abincinsa ke fitowa daga iyaka ya san abin da shekarun nan suka yi mana. Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ba mu gama miƙewa ba aka janye tallafin man fetur a can a watan Mayun 2023, sana'ar ruwa-ruwa da samarinmu da yawa suka dogara da ita ta durƙushe, sai ga takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. Daminar 2024 kuma ta zo da ambaliyar da ta rushe gidaje a birni da ƙauye. A tsawon wannan lokaci na lura da abu guda a ƙauyenmu: gidan da bai rasa ɗora tukunya ba shi ne gidan da mace ke da abin yi a hannunta, ko matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ko fura, ko ƴan jajayen awaki biyu uku a bayan ɗaki. Maza sun tafi bida, wasu suna aike, wasu shiru.

Yanzu muna da miliyan 3 na sefa a asusu, kuma an amince cewa a wannan karo na mata ne. Inda aka rabu shi ne yadda za a kashe su. Wasu sun ce a raba jari ga matan aure, domin yunwa ba ta jira kuma kafin wata uku za a ga amfaninsa a cikin tukunya. Wasu sun ce a zuba su ga karatun ƴan mata, tunda babu ɗiyar ƙauyenmu ko ɗaya da ta taɓa cin birbe, wato jarrabawar kammala kwaleji. Kuɗin ba su kai a yi duka biyun da kyau ba. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki da hannunsu, don Allah ku faɗa mana abin da kuka gani.

Hajiya mai asusu, Tibiri

Wa alaikumus salam. Jikata ce ke rubuta mini wannan, ni ina faɗa tana bugawa.

Ɗana, Allah ya saka muku da alheri da kuka tuna da iyayenku mata. Amma kafin ku kai kuɗin nan ƙauye, ku fara tambaya ko matan suna da asusunsu, domin abin da kuke nema a nan ƙasarmu aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Tushensa adashin da muka gada ne aka gyara shi: mata wajen talatin suna haɗuwa kowane mako, kowace ta yi zubi, a sa cikin akwati mai kwaɗo uku da makullansa ke hannun mata uku dabam, a ƙirga kuɗin da babbar murya gaban kowa, mai buƙata ta ci bashi ta juya ta mayar, a ƙarshen zango a fasa a raba. Mu da dala 20 muka fara zubi a ƙungiyarmu, babu ko tamma ta wani a ciki, kuma daga cikin akwatin nan na yi jarin da na aurar da ƴaƴa huɗu.

Abin da nake so ka kai wa ƴan uwanka shi ne, sau ɗaya ƙungiyarmu ta kusa watsewa, kuma ba fari ne ya jawo ba. Wani aikin raya karkara ne ya zo da kyakkyawar niyya ya ɗora mana kuɗi masu yawa a kan namu. Matan da shekara da shekaru ba su taɓa saɓa ranar biya ba sai suka fara jinkiri, mazajensu kuma suka ji labari, wannan ya karɓa ya sai taki, wancan ya karɓa ya yi kuɗin mota. Kuɗin da mace ta tsame daga cefanenta suna da zafi, tana bin sawunsu, maƙwabciyarta ma tana bin sawunsu don akwai nata a ciki. Na baƙo kuwa sanyi gare su, kowa yana ganin rabonsa ne. Sai da muka shekara biyu kafin amana ta dawo. Saboda haka idan kuka raba miliyan 3 hannu da hannu, ina jin tsoron kafin Sallah biyu ba za ku iya nuna inda suka shiga ba.

In da ni ce, sai in duba inda ribar mai ƙuli-ƙuli ke zurarewa. Da kaka gyaɗa tana araha, masu ƙarfi su saye su adana, ita kuwa ba ta da abin sayen buhu, sai ta riƙa awon tiya biyu tiya uku, har bazara ta same ta tana sayen gyaɗar ƙauyenta da tsada daga hannun wanda ya ɓoye ta. Wahala tata, riba ta wani. Ku sayi gyaɗa da kaka ku zuba a ɗakin ajiya mai kyau, ku damƙa makullin ga shugabannin asusu, su riƙa sayar wa ƴan ƙungiya a kan farashin kaka da ɗan abin da zai biya ɗawainiya. Uwar kuɗinku tana nan, kowace kaka ta sake juyawa. Injin markaɗe ma yana rage wahala ƙwarai, sai dai kada ku saye shi sai kun san wanda zai gyara shi da inda kuɗin gyaran za su fito, domin na ga injuna da yawa a ƙauyuka da suka zama wurin kwanan kaji. Ga waɗanda ba su da ƙarfin sana'a kuma, ku yi musu habbanaye irin na Fulani da jar akuyarmu ta Maradi, wadda ke yawan haifar tagwaye: mace ta riƙe uwa har ta haihu ta yaye, ta ɗauki ƴaƴan, ta miƙa uwar ga ta gaba.

Malamar firamare, gundumar Tasawa

Hajiya, Allah ya ƙara girma da lafiya. Duk abin da kuka faɗa a kan asusu haka yake, ni kaina ina cikin ɗaya. Amma ku yi mini izini in ƙara wata magana da ba a cika faɗa ba, wadda na shekara goma sha bakwai ina ganinta daga gaban allo.

Baban Hadiza, kun ɗauki jarin uwa da karatun ɗiya kamar hanyoyi biyu ne da za a zaɓi ɗaya, alhali a ƙauyukanmu igiya guda ce ta ɗaure su, igiyar kuwa ita ce talla. Macen da ke cikin kuble, ko wadda aikin gida ya riƙe, tana iya toya ƙuli-ƙuli da matsar mai a cikin gidanta, amma ba ita ke kai su kasuwa ko tasha ba. Ɗiyarta ce ƙafarta. Ranar da jarinta ya ninka, kayan da za a sayar sun ninka, tiren da yarinyar ke ɗauka sau ɗaya da marece ya koma safe da marece. Na sha ganin haka a rajistar ajina: shekarar da sana'ar uwa ta bunƙasa ita ce shekarar da ɗiyarta ke fara zuwa bayan an shiga aji, sannan ta fara fashin ranar kasuwa, sannan wata rana a ce mini an tsayar da ranar aurenta. Uwar ba muguwa ba ce. Daga cinikin tallar nan take tara kayan ɗakin yarinyar, kuma ta san irin gorin da za ta sha ranar buki idan ɗakin ya fito babu komai. A lissafinta, talla tana gina gobe da take gani da idonta, lakwal kuwa alkawari ne da ba ta taɓa ganin wanda aka cika wa a ƙauyenta ba.

Binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, jihar Maradi kuma ita ce kan gaba da kashi 89. A watan Disambar 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace da tallafa mata muddin tana karatu. Dokar tana da kyau, amma takarda ba ta ɗauke tire daga kan yarinya.

Wurin da muke asarar ƴan mata da yawa shi ne tsakanin ajin ƙarshe na firamare da siziyam, wato ajin farko na kwaleji. Kwalejin tana wani gari, tafiyar ta fi ƙarfin zuwa da dawowa kullum, sai an nemi mai masauki. Yarinya ƴar shekara goma sha biyu a gidan wasu, ita ce ɗiban ruwa, ita ce daka, wani lokaci ba ta samun abin kari, dare ya yi babu fitilar bitar karatu. In ta faɗi jarrabawa aka kore ta, ta dawo gida da sunan wadda ta ɓata shekara. Wannan ne dalilin da ya sa hukuma ta fara gina makarantun kwana na ƴan mata, irin ta Kelle a jihar Damagaram, amma ba su isa ko'ina ba. Ga kuma azuzuwan zana, da ba a iya kafawa sai an gama girbi an samu kara, ta yadda yaro ke rasa makonni tun farkon shekara, ban da haɗarin da babu wanda zai manta da shi a Maradi tun gobarar Nuwambar 2021 da ta ci rayukan yara fiye da ashirin. A 2024 ma ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba a ƙasa baki ɗaya.

Shawarata ita ce ku bi ta Hajiya a kan ajiyar gyaɗa, amma ku haɗa ta da hanyar sayarwa da ba ta bi ta kan yarinya ba. Allah ya riga ya ba ku abin da masu ayyukan raya karkara ba su da shi: ku ƴan tireda ne da direbobi. Direbanku ya ɗauko mai da ƙuli-ƙulin ƙauyen a jimla ranar Litinin da Juma'a, shagunanku na Maradi su sayar, kuɗin su koma akwatin asusu. Abin da za a sayar a cikin ƙauye kuma a ba zawarawa da dattijai mata su yi dillancinsa a kan lada, kun ga nan ma kun samar wa wasu aikin yi. Sa'an nan ku yi yarjejeniya da matan a fili, gaban mai gari da liman, cewa wadda ke awo daga ajiyar ƙungiya ɗiyarta ba ta talla a lokacin aji. Abin da ya rage na kuɗin ku kama gida guda kusa da kwalejin, ku zaunar da dattijuwa ƴar ƙauyenku da iyaye suka yarda da ita, ku kai musu hatsi da fitila mai aiki da hasken rana. Ko ƴan mata shida kuka riƙe har birbe, kun karya maganar cewa ba a taɓa yi ba.

Malam na Limanci, Maradi

Assalamu alaikum. Malama ta yi magana mai nauyi, kuma na ji daɗi da ta ambaci gida da dattijuwa, domin uban da ya hana ɗiyarsa zuwa wani gari ba kullum ƙin ilimi ne ke sa shi ba, tsoron abin da zai same ta a hannun baƙi ne, kuma tsoron yana da tushe. Idan kuka je masa da doka zai rufe ƙofa, idan kuka je masa da amsar tsoronsa zai saurara. Karantar da mata kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƴan taru, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye ƙauye suna koyar da mata a cikin gidajensu. A nan kuma sarautar Iya a Maradi da ta Inna a Gobir shaida ce cewa kakanninmu sun san mace da riƙon jama'a.

Abu biyu nake so ku kiyaye. Na farko, kuɗin ruwa. Asusai da yawa suna ɗora wani abu a kan bashi, kuma wannan yana hana mata masu tsantseni shiga, yana kuma ba mazan da dama ba sa so hujjar hanawa. Tsarin da Hajiya ta kawo ya kuɓuta daga wannan, domin saye da sayarwa ne: ƙungiya ta mallaki gyaɗa, ta sayar a kan farashin da aka sani tun farko, ko hannu da hannu ko zuwa ajali, ba tare da ƙari ba idan an yi jinkiri.

Na biyu ya fi girma, kuma ba ya cin ko dala daga kuɗinku. A da, kowace matar aure a ƙauyukan nan tana da gamana da take nomawa don kanta. Da jama'a suka yawaita gonaki suka tsuke, musamman a kudancin jihar nan, gamanar mata ce aka fara janyewa. Ranar rabon gado kuma sai a ce gona ta maza ce, a sallami ƴaƴa mata da ɗan kuɗi ko da alkawari. Wannan ba addini ba ne. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce mata suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, aya ta 11 kuma ta ƙayyade shi. Ku da ke cikin wannan ƙungiya, kowa ya duba ko akwai gonar ƴar uwarsa a cikin wadda yake nomawa ko ya bayar jingina. Wanda ya samu ya fitar mata, a je hukumar filaye ta ƙauye, wadda dokar karkara ta 1993 ta share wa hanya, a rubuta mata takarda da sunanta. Mace mai gonar gyaɗa ba ta jiran kowa ya saya mata gyaɗa.

Ɗalibar da ta gama jami'a, unguwar Ali Ɗan Sofo

Ina gaida iyayena. Ni ɗiyar ƙauye ce da ta bi duk matakan da Malama ta lissafa, har na gama karatun aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maradi, kuma shekara biyu ke nan ina neman aiki. Duk lokacin da na je gida, akwai mai nuna ni yana cewa ga amfanin karatun. Maganar tana yi mini ciwo, amma tambaya ce da ya kamata ƙungiyarku ta tanadi amsarta tun yanzu, kada ku tsaya a birbe kamar nan ne ƙarshen hanya.

Ku duba aikin da ƙauyenku ke biyan wasu su yi masa. Mata da yawa suna ƙin zuwa awo da haihuwa a likita idan namiji ne ke aiki, saboda haka ɗiyar gari da ta karanci unguwarzoma ko jinya tana da wurin zama tun kafin ta gama. Ajiyar gyaɗar da ake magana tana buƙatar mai rubuta shiga da fita, mai sanin yadda ake shanya gyaɗa da adana ta don kada ta yi fumfuna, domin gyaɗa mai fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. Mata a Jiratawa suna samun kuɗi da zogale, amma wadda ta iya busar da shi a inuwa ta ɗura a leda mai suna ta fi mai sayar da ɗanye samu. Ana kuma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maradi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, kuma ranar da ya fara aiki kaya masu tsabta da awo tsayayye ne za su ci kasuwa. Idan kuna so, ni zan riƙe muku littafin ajiyar a kakar farko, in kuma koya wa mata biyu na asusun rubutu da lissafin da za su karɓe ni.

Baban Hadiza, unguwar Zariya, Maradi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama, maganar talla ta taɓa ni, domin ƙanwata da muke ciki ɗaya haka aka cire ta daga aji huɗu, kuma da cinikin furar da ta ɗauka aka saya mini littattafai. Ban taɓa haɗa abin biyu a raina ba sai yau. Malam, akwai gonar mahaifinmu da ba a raba ba, zan fara da kaina kafin in buɗe baki a taro.

Na kira ƙauye jiya, an tabbatar mini akwai asusun mata guda biyu, ɗaya yana tafiya, ɗaya ya tsaya tun bayan ambaliya. Zan kai wa taronmu na ƙarshen wata shawarar a kasa kuɗin: kaso mafi girma ga sayen gyaɗa da gyaran ɗakin ajiya, sauran ga gidan ƴan mata na shekara guda. Abin da ya rage mini shi ne kuɗin riƙe gidan a shekara ta biyu, domin ɗan abin da ajiyar za ta bari ba zai ciyar da yara shida wata tara ba, kuma ba na so mu ɗauko ƴaƴan mutane mu sake su a tsakiyar hanya. Ina tunanin a nemi kowane uba ya kawo damin hatsi da kaka, mu kuma mu ƙara jika guda a kan zubinmu na wata.

Hajiya, idan kun ba da izini, ina so in kawo shugabannin asusan biyu Tibiri ranar zubinku, su zauna su ga yadda kuke buɗe akwati da yadda kuke bin bashi. Ƙanwata mai karatun gona, na karɓi tayinki da hannu biyu, sai dai ba kyauta za ki yi ba, zan sa ladanki cikin lissafin da zan gabatar.

Hajiya mai asusu, Tibiri

Ku zo, ɗana, ranar Laraba bayan la'asar muke zama. Ka taho da ta asusun da ya tsaya ɗin musamman, kuma ta zo da littafinsu ko da ruwa ya taɓa shi, mu ga wa ke bin wa, domin ba a ɗora sabon kaya a kan tsohon bashin da ba a warware ba. Batun damin hatsi kuma, kada ku bari sai yarinya ta tafi, ku karɓa tun a bakin gona ranar ɗaurin dami.